Murjani Mai Rai

Kiyari direba ya sauke mini kwalin a tasha
bayan la'asar, yana share wuya da hula.
"Kwana uku ina dakon ruwa daga Kwatano,
ruwan da ko akuya ba ta sha. Me ke ciki?"
Na ce, murjani.
Ya ce, "Na wuya ko na hannu?"

Leda huɗu, kowace da ɗan reshe
da bai kai yatsan jinjiri ba.
Ruwan ya yi ɗumi kamar shayin da aka manta.
Ban kwance su ba. Na bar su suna yawo
a saman akwatin gilashi, a ɗaure yadda suka zo,
har zafin ciki da na waje su daina gardama.
Na kashe fitila.
Wanda ya yi kwana uku a duhun gindin mota
ba a tarbarsa da haske a ido.

Tekun nan ni na dama ta.
Ƙarfe ukun dare na tare pampo da bido shida,
na tace, na sake tacewa,
na auna gishirin da ba na Balma ba, ba manda ba,
wanda kuɗin buhunsa har yau Habsu ba ta sani ba.

Sai robar ƙarin ruwa, irin tamu ta asibiti.
Na ƙulla ta a tsakiya, na tsotsa,
gishiri ya cika mini baki.
Ɗis.
Ɗis.
Ruwan gidana yana shiga ruwan hanyarsu,
ɗigo uku kafin in gama bisimilla.
Shekara goma sha ɗaya ina ƙirga ɗigo a kan mutane,
ban taɓa jin hannuna na rawa haka ba.

Zuwaira ta ce, "Baba, dutse ne ko ciyawa?"
Na ce, dabba ce.
Ta ruga ta kira Iya Cima.

Iya ta zo da sandarta, ta leƙa roba,
ta jawo nata daga wuya, ja wur,
wanda uwarta ta sai da karsana ta saya a Kasuwar Dole.
"Ga murjani. Wancan saiwar sabara ce ta jiƙa."
Na ce, Iya, naki ƙashi ne. Wannan bai mutu ba tukuna.
Ba ta tanka ba. Amma ta nemi kujera.

Ana kiran magariba kuran ya tafi.
Injin ya yi tari biyu, ya yi shiru.
Batirin panno bai ɗauki komai ba ranar.
Ɗakin ya fara dahuwa.
Ni da ludayi ina juya teku,
Zuwaira riƙe da tocila a ƙasa,
Iya Cima, wadda ba ta yarda ba,
tana yi wa fuskar ruwa fifita da mafici,
tana zagin kamfanin wuta da Barbarci.

Da ruwan roba ya ninka, na tsoma su a magani.
Wata tsutsa siririya ta faɗo, ta yi birgima.
Ita ma daga Kwatano, ba ta biya kuɗin mota ba.
Ruwan hanya na zubar nesa da gindin lemo.
Na jera su can ƙasa kan yashi, inda inuwa take.
Hawa sama sai mako, taki ɗaya ɗaya.

Guda ya yi fari kafin Laraba.
Na ciro shi, ya yi warin bakin tafki.
Ban jefar ba, yana kan taga.

Daren Alhamis na tashi fitsari,
na tarar da Iya tsugune, goshinta a gilashi.
Ukun sun buɗe: ƙananan hannuwa, ɗari ko fi,
kore-kore, suna lalube a cikin ruwa
kamar masu neman wani a duhu.

Ta daɗe tana kallo.
Sai ta kama na wuyanta,
ta cusa shi cikin riga, ta dafe da tafi.
Ta ce, "Rage tocilar nan.
Kar su gani."